Faɗuwar Mutumin Kirki: Ƙaddara da Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Haɗeja

A watan Satumba, idan kogin Haɗeja ya cika ya fara tumbatsa, barci yakan ƙaurace wa mutanen fadamar da ta shimfiɗu tsakanin Auyo, Haɗeja da Malam Madori. Samari kan kwana a kan jinga da fitilar hannu, wasu na riƙe bakin buhu, wasu na ɗura ƙasa da shebur, dattijo na bi a baya yana danne duk inda ya ga ruwa ya fara tsattsafowa. Wata shekarar jingar ta riƙe. Wata shekarar kuwa, kamar 2020 da 2022, ruwan ya fi ƙarfinta, shinkafar da saura 'yan makonni a yanke ta nutse, gidajen ƙasa su jiƙe tun daga tushe su zube. Gari na wayewa sai jaje: "Sannu, Allah Ya mayar da alheri." Mai gona ya ce, "Amin, haka Allah Ya so."

Amsar gaskiya ce, kuma ita ke riƙe hankalin mutum ranar da ya tashi ba shi da ko tiya ɗaya. Amma a ƙarƙashinta akwai wata tambaya da ladabi ke hana a furta. Manomin nan bai yi lalaci ba. Ya ci bashin taki, ya yi dashe a kan kari, bara ya fitar da zakkarsa, bana ya kwana a kan jinga. Maƙwabcinsa da kowa ya san halinsa, da yake gonarsa na kan tudu, ya girbe tasa lafiya lau. To me ya sa shi?

Shekaru kusan 2,500 da suka wuce, mutanen birnin Atina na ƙasar Girka suka ɗauki wannan tambaya suka ɗora ta a kan dandamali. Duk shekara, lokacin bikin gunkinsu Diyonisus, dubban mutane kan zauna a gangaren dutse tun da safe suna kallon wasannin da babu mai fita daga cikinsu yana dariya. Manyan marubutan uku ne: Eskilus, Sofokilis da Yurifidis, kuma cikin ɗaruruwan wasannin da suka rubuta, talatin da 'yan kai ne kawai suka iso wannan zamani. Su ne tushen abin da masana adabi ke kira wasan ban tausayi.

Wanda ya fi shahara shi ne na Sarki Odifus, wanda Sofokilis ya rubuta wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daidai lokacin da Atina kanta ke fama da annoba. Wasan ya buɗe da birnin Tibis cikin bala'i: amfanin gona na lalacewa, dabbobi na mutuwa, mata na ɓari. Jama'a suka yi cincirindo a ƙofar fada. Aka ce musu musibar ba za ta kau ba sai an gano wanda ya kashe Layus, sarkin da ya gabata. Odifus sarki ne mai kaifin basira da kishin talakawansa, shi ya taɓa ceton garin daga wata dodanniya, don haka ya rantse sai ya tono mai laifin ko wane ne shi. Ya riƙa kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya. Wani makahon mai duba ya nemi a ƙyale shi ya yi shiru, sarki ya matsa masa. Matarsa ta roƙe shi ya bar maganar, ya ƙi. Kafin a tashi ya gane cewa dattijon da ya taɓa kashewa a wata mararraba, a kan gardamar wa zai ba wani hanya, shi ne Layus, kuma mahaifinsa ne. Matar da ya aura har suka haifi 'ya'ya huɗu kuwa ita ta haife shi. Abin da ya fi cin rai shi ne tun yana saurayi aka faɗa masa zai aikata haka, shi ya sa ya bar garin Korint, ya guje wa mutanen da ya ɗauka su ne iyayensa, don kada ya cuce su. Gudun ne ya kai shi mararrabar. Matar ta rataye kanta, shi kuma ya tsiyaye idanunsa da hannunsa.

Waɗanda suka yi adabin Turanci a sakandare da yawansu sun san labarin ta hannun Ola Rotimi, wanda ya mayar da shi ƙasar Yarbawa a The Gods Are Not to Blame, aka fara nuna shi a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. A wurinsa Odewale ya kashe mahaifinsa ne a rikicin gona, bayan dattijon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a.

Aristotil ya yi nazarin irin waɗannan wasanni ya fitar da ƙa'idarsu. A ganinsa, idan aka nuna mugu ya faɗi, mai kallo zai ce ya yi daidai, ya tafi gida. Idan aka nuna salihi tsantsa an murƙushe shi ba gaira ba dalili, abin ƙyama ne kurum. Wanda ke girgiza zuciya shi ne mutum irin kowa, mai nagarta da rauni a haɗe, wanda kuskure ya jefa shi cikin halakar da ta ninka kuskuren sau dubu. Shi ne mai kallo zai tausaya wa, kuma ya ji tsoro, domin ya hango kansa. Daga baya masanin falsafar Jamus, Hegel, ya ƙara wani abu da ya gani a wasan Antigoni, yarinyar da ta binne ɗan'uwanta alhali sarki ya hana: wani lokaci karon tsakanin gaskiya biyu ne, haƙƙin zumunci da haƙƙin hukuma, kuma duk wadda aka bi sai an taka ɗaya.

Wasan kwaikwayon Hausa ya bi wata hanya dabam. Tun daga tashe da 'yan kama da wasan gauta, aikinsa shi ne a yi dariya a gyara hali. Rubutattun wasanni suka ɗora a kai. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1930, ya yi amfani da wasa wajen sukar zalunci da yaudara. Wasan Marafa na Abubakar Tunau wayar da kai ne. Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, duk gargaɗi ne a kan lalacewar tarbiyya da zaman aure. A talabijin Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu sun sa Arewa dariya shekara da shekaru. Finafinan Kano ma galibi a kan wannan turba suke: azzalumar kishiya ta haukace, mazambaci ya ƙare a gidan yari, mai haƙuri ya dace. Wanda ya fi kusa da ban tausayi na haƙiƙa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan dandamali aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Mahaifiyar Umar ba ta yi laifin komai ba face son ɗanta. Neman sa ya jefa ta cikin bauta, ya ratsa da ita Sahara, kuma da ta same shi ba ta daɗe ba ta cika.

Akwai masu ganin wannan ƙaranci ba rashi ba ne, addini ne ya raba Musulmi da irin wancan kallo. Hujjarsu tana da ƙarfi. Gumakan Girkawa ba su yi wa kowa alkawarin adalci ba, ba sa bayyana dalilinsu, kuma bayan mutuwa babu wata kotu da za a mayar wa Odifus haƙƙinsa. Manazarcin adabi George Steiner, a littafinsa na 1961 mai suna The Death of Tragedy, ya tafi a kan cewa duk inda aka yi imani da Ubangiji mai adalci da sakamako a lahira, ban tausayi irin na Girkawa ba shi da mazauni, tunda asarar ba ta zama ta har abada ba. Marubucin Masar Taufiƙ al-Hakim ya ci karo da wannan matsala lokacin da ya sake rubuta labarin Odifus a 1949. Bai yarda ya nuna sama tana ɗana wa bawa tarko ba, sai ya mayar da duban nan ƙarya ce da makahon ya ƙirƙira don wata manufa ta siyasa.

Rabin maganar Steiner gaskiya ce. Musulmi ba zai rubuta wasan da ke tuhumar Mahalicci da zalunci ba, kuma ƙissar Annabi Musa da Halliru ta koya masa cewa a bayan jirgin da aka huda akwai hikimar da ido bai gani ba. Amma a ɗaya rabin Steiner ya yi gaggawa. Mumini ya san an rubuta, bai san me aka rubuta ba. A daren da zai yanke shawara, ko ya kwashe iyalinsa ko ya tsaya a kan jinga, ko ya yi yaƙi ko ya miƙa wuya, babu wanda ya buɗe masa allo ya karanta. Malaman tauhidi sun daɗe suna kai-kawo a wannan wuri. Jabariyya suka ce bawa tilasta shi ake yi, Mu'utazilawa suka ce shi ke halittar aikinsa, Imam Ash'ari, wanda ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahin na Sanusi aƙidarsa ta zauna a zaurukan ƙasar Hausa, ya tsaya a tsakiya: Allah ke halitta, bawa kuma yana da zaɓi da niyyar da za a yi masa hisabi a kansu. Ke nan nauyin yana wuyansa, ilimin ƙarshen lamarin kuwa ba a ba shi ba. Nan ne ainihin mazaunin ban tausayi, kuma imani bai rushe shi ba.

Tarihin sahabbai ya nuna haka ƙarara. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar na kan hanyar Sham aka ba shi labari, ya yi shawara, ya juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar ta ɗauke shi. Babu mai hankalin da zai ce ɗayansu ya rasa imani. Haka kuma imani bai hana hawaye ba: Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib har yau shekarar baƙin ciki ake kiran ta.

Rashin irin wannan wasa yana da illa, kuma ana ganin ta a bakin mutane. Wanda ya tashi yana kallon labaran da a cikinsu mugu kaɗai ke faɗuwa, a hankali zai fara karanta rayuwa a juye: duk wanda ya faɗi, to mugu ne. Ɗan kasuwa ya karye, a ce ai dama kuɗin ba na Allah da Annabi ba ne. Mace ta yi ta binne 'ya'ya, a fara raɗe-raɗi. Ciwo ya kwantar da mutum shekara uku, a ce alhaki ne. Addinin da ya ba da labarin Annabi Ayuba, ya kuma sanar cewa annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa, bai koyar da wannan ba.

A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar fetur daga kwata, wuta ta tashi. Kwamitin binciken da gwamnatin Jigawa ta kafa ya ce waɗanda suka rasu sun haura 200. Tun ba a gama rufe kabarin bai-ɗaya ba, wasu sun riga sun yanke hukunci: kwaɗayi ne. Kuskure kam an yi, babu mai musu. Amma a watan ne litar fetur ta kai kusan naira dubu, kuma saurayin da ya ɗauki jarka yana lissafin abin da za a dafa gobe bai aikata laifin da ya kai a ƙone shi da rai ba. Tsakanin girman kuskuren da girman sakamakon akwai tazarar da ta isa ta sa mai hukunci ya yi shiru, ya tuna sau nawa shi ma ya yi ganganci Allah Ya rufa masa asiri.

Illa ta biyu ita ce yadda ake amfani da kalmar ƙaddara a rufe bincike. Abin da ya ɗaukaka Odifus shi ne ya ci gaba da tambaya ko da ya fara hango cewa amsar a kansa za ta ƙare. Ambaliyar fadamar Haɗeja tana buƙatar irin wannan naci, domin akwai hannun mutum a cikinta. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, da kyakkyawar niyya: birnin Kano ya sha ruwa, a yi noman rani a Kadawa da Kura da Auyo, kuma an samu. Amma kogin da a da yake cika da damina ya janye da rani, sai ya koma mai gudana kusan duk shekara. Ciyawar kachala ta samu abin da take so, ta cika hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru, ruwa ya rasa mafita sai gonaki da gidaje. Wanda ya zana madatsar bai nufi kowa da sharri ba. Duk da haka akwai tambayoyin da tawakkali bai hana a yi ba: yaushe aka yi yashe na ƙarshe, nawa aka ware, wa ya karɓa, kuma an sanar da mutanen ƙasa kafin ruwa ya iso?

Marubucin da ke neman labarin da zai ɗauki wannan nauyi ba sai ya je Girka ba. A tarihin masarautar Haɗeja akwai sarakuna biyu da kowannensu ya isa wasa guda.

Na farko Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau sarauta a 1848. Kisan Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa na jini, ya jawo masa fushin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi a 1850 aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ja da baya, ya nemi goyon bayan Barno, ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, mutanensa suka bi Ahmadu suka kashe shi. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya bi ta Gumel a shekarar, ya tarar da yankin cikin zullumin motsinsa. Sakkwato ta haɗa runduna daga masarautu da dama, Buhari ya tarwatsa ta a gamon Kafur, daga nan ya shafe shekara goma yana kai hare-hare gabashin Kano da maƙwabta, yana kwasar bayi, har ajali ya same shi a yaƙin ƙasar Bade a 1863. A Haɗeja jarumi ne da ya hana a taka garinsa. A garuruwan da ya ƙone kuwa wani suna ake kiran sa da shi. Duk wanda ya san wasan Makbes na Shekisfiya zai gane fasalin: jini na farko ne ke kiran na biyu, kuma mai baiwar da ta isa ta gina ƙasa ya ƙare yana tsaron kujerarsa da takobi. Rubuta shi a matsayin mugu zalla ƙarya ce, wanke shi tas ma ƙarya ce.

Na biyu ya fi nauyi. Sarki Muhammadu, wanda ya hau a 1885, ya ga abin da ya faru a 1903: Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairu, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira aka cim masa a Burmi a Yuli aka kashe shi. Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari ya zaɓi ya zauna ya yi sulhu don kada a bar jama'a ba jagora, abin ya dame shi har ya nemi fatawar malamai, ya kuma rubuta risala yana bayyana uzurinsa. Sarkin Haɗeja ya san duk wannan. Ya san abin da bindiga mai ruwa ke yi wa mahayan doki. Turawa sun riga sun girke soja a gefen garinsa, zaman kuwa babu daɗi, kuma bayan tawayen da aka yi musu a Satiru a Fabrairun 1906 shugabansu Lugga ya ƙudiri kada ya bar wata masarauta da sauran ƙarfi. A ranar 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Turawa ta afka wa Haɗeja. Aka yi sa'o'i ana gwabzawa a cikin gari har ƙofar fada, aka kashe sarki da wasu 'ya'yansa da manyan jarumansa da jama'a masu yawa. Shi ne ake kira Mai Shahada.

Sunan ya dace da shi, kuma babu mai neman a rage masa daraja. Amma wasan da zai yi masa adalci dole ya shiga daren da ya gabaci yaƙin, ya zaunar da mai kallo a majalisar. Bafaden da zai ce, "Ranka ya daɗe, a duba mata da yara, Katagum ta bi kuma tana nan," ba matsoraci ba ne, amanar rayuka yake tunawa. Wanda zai ce, "Allah Ya ja zamaninka, ƙasar Musulunci ba a miƙa ta da hannu," shi ma amana yake tunawa. Sarki ɗaya ne, amana biyu, kuma gari na wayewa sai ya saki ɗaya. Waziri ya saki wadda Mai Shahada ya riƙe, Attahiru ya nemi hanya ta uku, dukansu masu salla ne masu sanin littafi, kuma babu wanda a cikinsu ya fita ba tare da ya yi asarar wani abu mai girma ba.

Ahmed Yerima ya rubuta wa Attahiru wasansa da Turanci a ƙarshen shekarun 1990. Na Haɗeja ya kamata ya zo da Hausa, da karin harshen mutanen gabas, yadda manomin fadama zai zauna ya kalla ya ji maganarsa ake yi. Malamai da ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da marubutan Haɗeja da Malam Madori da Auyo, su ne suka fi kowa kusa da kayan aikin. Dattawan da suka ji labarin 1906 daga bakin kakanninsu suna nan a unguwannin birni, amma kullum raguwa suke yi, don haka a je a zauna da su a ɗauki maganarsu tun yanzu.